Ɓerayen Da Aka Sauya Wa Ƙwayoyin Gado Da Ciwon Ƙashi Na Gado: Tambayoyi Da Amsoshi

Aikina gashin ƙashi ne, a nan Gombe. Iyayen da ke kawo mana yara masu yawan karaya kan shiga waya su nemi bayani, sai su yi ta cin karo da maganar ɓera: an gwada kaza a jikin ɓera, an gano kaza a jikin ɓera. Daga nan sai su dawo mini da tambaya. Ɗalibai masu zuwa koyon aiki su ma haka. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da abin da nakan faɗa.

Wai mene ne ɓeran da aka sauya wa ƙwayar gado?

Ƙwayar gado wani ɗan yanki ne na DNA, wato zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki, mai ɗauke da umarnin yadda jiki zai haɗa wani abu guda, ko na jini, ko na ido, ko na ƙashi. Mutum yana da wajen 20,000, ɓera ma kusan haka, kuma mafi yawan namu suna da takwarorinsu a jikinsa. Abin da masana ke yi shi ne su zaɓi guda ɗaya su kashe ta, ko su ƙara wata, ko su canza mata harafi ɗaya tak, tun ɓeran yana ƙwai. Sai a dasa ƙwan a mahaifar wata ɓera ta haife shi. Idan 'ya'yan suka ɗan tasa, a yanki ɗan fatar kunne ko bakin wutsiya a gwada, a ga wanda canjin ya kama.

Aikin ya daɗe. A 1982 Richard Palmiter da Ralph Brinster a Amurka suka sa wa ɓera ƙwayar gadon girma ta wani babban nau'in ɓera, ya fito ya kusa ninka 'yan'uwansa. Dabarar kashe ƙwaya guda da gangan ita ta ba Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies kyautar Nobel a 2007. Daga 2013 kuma aka fara amfani da dabarar CRISPR, mai yanka DNA daidai inda ake so, a kan ɓeraye, aikin da a da yakan ci shekara ko fiye ya koma na watanni.

Me ya sa sai ɓera? Ba ga tumaki da awaki nan ba?

Saboda gaggawarsa. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, takan haifi shida ko takwas a ciki ɗaya, 'ya'yan su balaga cikin mako shida zuwa takwas, su tsufa a shekara biyu. Wato mai bincike zai ga ƙashi tun daga samuwarsa a ciki har tsufansa kafin ya gama karatun digirinsa. Tunkiya kuwa wata biyar take yi da ciki, ta haifi ɗaya ko biyu.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. An daɗe ana haɗa wa da ƙanwa a cikin ɓerayen bincike, zuriya bayan zuriya, har suka zama tamkar tagwaye masu kama ɗaya. Cibiyar Jackson da ke jihar Maine a Amurka, wadda aka kafa a 1929, tana kiwon dubban ire-irensu tana aika wa duniya. To idan ka ɗauki biyu iri ɗaya, abincinsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya, ka taɓa ƙwayar gado guda a jikin ɗaya, sai ƙashinsa ya riƙa karyewa na ɗayan bai karye ba, ai babu sauran wanda za a zarga sai wannan ƙwayar. A jikin mutum ba ka da halin yin haka.

Ba irin ɓeran nan ba ne mai kawo zazzaɓin Lassa?

A'a. Na san abin da ya sa ake tambaya, don jihar Bauchi na cikin waɗanda Lassa ta fi addaba, mu ma nan ba mu tsira ba. Mai ɗauke da Lassa wani nau'i ne daban, mai nonuwa da yawa, wanda ke shiga rumbu da ɗakin girki. Na bincike ƙaramin ɓeran gida ne, nauyinsa giram 20 zuwa 30, an haife shi a keji mai tace iska, ana dafa shimfiɗarsa da ruwan shansa don kashe ƙwayoyin cuta. Ba a sakinsa waje, ba a cinsa, kuma ba shi da alaƙa da muhawarar irin wake ko masarar da aka sauya wa halitta.

Me ake nufi da cikar ƙashi, kuma ta yaya ake auna ta a jikin ɗan mitsitsin abu haka?

Ku ɗauki ƙashi kamar ginin kankare. Akwai rodi, akwai siminti. Rodin shi ne wani zare mai suna kolajin, shi ke sa ƙashi ya ɗan lanƙwasa ba tare da ya ɓalle ba. Simintin kuwa kalsiyam ne da fosfet, su ke ba shi tauri. Cikar ƙashi ita ce yawan simintin da ke cushe a wuri guda. Ginin nan kuma ba ya tsayawa: akwai ƙwayoyin jiki magina, akwai masu rushe tsohon gini, kullum suna aiki. Idan masu rushewa suka fi ƙarfin magina, kamar yadda yakan faru ga mata bayan ɗaukewar al'ada, sai cikin ƙashi ya zama kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya, ciki fayau.

A mutum ana auna ta da wata na'urar hoto mai suna DXA, a kwankwaso da ƙashin baya. A ɓera akwai ƙaramar irinta, amma an fi dogaro da wata ƙaramar na'urar hoto ta CT mai nuna saƙar cikin ƙashi zare-zare. Ƙashin cinyar ɓera bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, kaurinsa kamar tsinken ashana. Akan ɗora shi a kan 'yan ƙarafa biyu, na uku ya danno shi daga sama a hankali, na'ura tana rubuta nauyin, har ya yi ƙas. Wannan gwajin shi ke faɗin gaskiyar ƙarfi, kuma ba kullum yake tafiya da cika ba, kamar yadda za ku gani a tambayar ƙashi mai cika fiye da kima.

Likita, ɗana yana karyewa ba faɗuwa ba duka. Me ɓera ya nuna game da irin wannan?

Wata uwa ta taɓa shigo mana da jaririnta kwance a kan matashi, matashin kuma a cikin faranti, tana tafe kamar mai ɗauke da ƙwai. Ba ta goya shi ba. Karayarsa ta uku ke nan kafin ya cika wata biyar, ta ƙarshen ma wajen canza masa tsumma ne. Farin idonsa ya yi shuɗi-shuɗi. Da ta zauna sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, a gida an ce ni ce nake karya shi." Na ce mata, "Baiwar Allah, ba ke ba ce. Da shi aka haife shi." Likitoci na kiran ciwon osteogenesis imperfecta, a taƙaice OI. Yana samun kamar ɗaya cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000, kuma a mafi yawan lokuta matsalar tana cikin ƙwayoyin gado biyu masu haɗa kolajin, COL1A1 da COL1A2. Bayan karaya, yakan zo da shuɗin ido, raunin haƙori, gajarta, da raguwar ji idan an girma.

Abin da ya sa nake iya faɗa mata haka ba tare da kokwanto ba, ɓera na da hannu a ciki. A 1983, a ɗakin binciken Rudolf Jaenisch, aka samu ɓeran da ake kira Mov13, wanda aka toshe wa ƙwayar kolajin. Wanda ya gaji toshewar ta wajen uwa da uba duka yakan mutu tun a ciki. Wanda ya gaje ta ta gefe ɗaya yakan rayu da kusan rabin kolajin, ƙashinsa da rauni, jinsa na raguwa, daidai da sassauƙan nau'in ciwon a mutum. A 1999 kuma Antonella Forlino da Joan Marini suka kwafi ainihin kuskuren da aka samu a jikin wani yaro mai ciwon, suka sa wa ɓera, aka kira shi Brtl. Shi ma ya fito da karaya da naƙasar ƙashi, wasu ma ba su wuce ranar haihuwa ba.

Daga waɗannan biyun aka ƙara fahimtar abin da ke ɗaure wa iyaye kai, wato me ya sa wani yaron karayarsa kaɗan ce yana zuwa makaranta, wani kuma ko tari ya yi sai haƙarƙari ya tsage. Kolajin igiya ce mai tufka uku. Idan zaren mai kyau ne amma ya yi kaɗan, igiya takan yi siriri amma ta riƙe. Idan kuwa an tufka ta da ruɓaɓɓen zare guda, duk igiyar ta lalace. Ƙarancin mai kyau ya fi yawan gurɓatacce sauƙi. Babu maita a nan, babu iska, babu sakacin uwa, tunda ga ciwon an haifar da shi a keji ta hanyar canza harafi ɗaya.

Ni da mai ɗakina lafiyarmu lau, danginmu ma haka. To daga ina ya gado?

Hanya uku ce. Ta farko, ɗaya daga cikin iyaye yana da ciwon, ko da sassauƙa ne bai taɓa sani ba. A nan kowane ciki rabi da rabi ne. Ta biyu, kuskuren sabo ne, a kan yaron ya fara. Ta uku ita ce irin ta sikila: uba na ɗauke da ɓoyayyiyar ƙwaya, uwa ma haka, su lafiya lau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaro ya haɗa biyun.

Wannan hanya ta uku ɓera ne ya buɗe ƙofarta. A 2006 Roy Morello da Brendan Lee a birnin Houston na Amurka suka kashe wa ɓera wata ƙwaya mai suna Crtap, wadda ba ita ke haɗa kolajin ba, gyara shi kawai take taimakawa a yi. Ƙashin ɓeran ya fito sakayau. Suka duba iyalan da yaransu ke da ciwon alhali ƙwayoyin kolajin ɗinsu lafiya, sai ga kuskuren a can. Shekara guda bayan haka aka gano abokiyar aikinta, LEPRE1, kuma nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu: wani bincike da aka buga a 2012 ya samu cewa kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na mutanen Najeriya da Gana da aka gwada suna ɗauke da kuskure guda a wannan ƙwaya, wanda ya samo asali a Afirka ta Yamma. Jaririn da ya haɗa biyu ciwonsa kan yi tsanani ƙwarai, da yawa ba sa daɗewa, kuma farin idonsu fari ne, ba shuɗi ba. Nakan yi tunanin jarirai nawa aka binne a ƙauyukanmu aka ce wabi ne.

Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar ɓoyayyun ƙwayoyi irin waɗannan, wannan gaskiya ce. Ban ce a raba aure ba. Amma gidan da aka yi rashin jarirai biyu ko uku masu gajerun gaɓoɓi a lanƙwashe, ya kamata a zauna da likitan yara kafin a sake ƙulla wani auren a cikin dangi. Ku kuma sani gwajin jinin da ake yi kafin aure, na AA da AS, ba ya nuna wannan.

Ashe ba ƙashi mai cika sosai ne ya fi ƙarfi ba?

Ba dole ba. Akwai ciwon gado mai suna osteopetrosis, inda masu rushe tsohon ƙashi ba sa aiki. A hoto ƙashin fari fat kamar dutse, amma yana ɓallewa kamar alli, ya cinye gurbin ɓargo har jini ya yi ƙaranci, ya matse jijiyar gani. A shekarun 1970 Donald Walker ya ɗauki ɓerayen da aka haifa da irin wannan ciwo, waɗanda ba kowa ya sauya su ba, ya sa musu ƙwayoyin ɓargo da saifa na lafiyayyun 'yan'uwansu, suka warke. A nan aka gane masu rushe ƙashi daga jini suke fitowa. A 1980 aka ba da rahoton wata jaririya a Amurka da aka yi wa dashen ɓargon yayanta saboda wannan ciwo, kuma har yau dashen ɓargo ne maganin mai tsananinsa.

Akwai maganin da ya fito daga wannan aiki, ko dai rubutu ne kawai?

Akwai. A 1997 masu bincike a kamfanin Amgen suka sa ɓera ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna OPG fiye da kima, ba su ma san aikinsa ba, sai suka ga ƙashinsa ya cika maƙil. Da aka kashe ƙwayar a wani ɓeran, ƙashinsa ya zama fayau. Ashe birki ne a kan masu rushe ƙashi. Daga nan aka samu maganin denosumab a 2010, allurar da ake yi duk wata shida.

Wani kuma daga mutum ya fara. A cikin fararen fatar Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan akwai iyalai masu ƙashi mai kauri na ban mamaki, da wuya su karye. A 2001 aka gano ƙwayar SOST ce ta mutu a jikinsu, ita kuwa aikinta tsayar da magina. Aka kashe ta a ɓera, shi ma ƙashinsa ya ƙaru ya yi ƙarfi. Maganin da ke toshe ta, romosozumab, ya fito a 2019. Sai ɓeran Hyp, wanda aka bayyana a 1976, mai zubar da fosfet a fitsari. Ta kansa aka bi diddigin lanƙwasar ƙafa ta gado har aka kai ga maganin burosumab a 2018. Sai dai magungunan nan suna da tsada ƙwarai, biyun farko kuma na manya ne masu zaizayar ƙashi, ba a yi su don yaro mai OI ba.

Ƙafar 'yata ta gwame. Ita ma gado ce?

Galibi a wajenmu ba gado ba ce, abinci ne. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yaran da ƙafarsu ta lanƙwashe sun fi warkewa da kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, a kan bitamin D shi kaɗai. Rana muna da ita har ta yi yawa. Abin da ya yi kaɗan a kwanon yaro shi ne kalsiyam, don tuwon masara da koko ba su da shi sosai. Nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka da riɗi duk suna taimakawa. A wuraren da ruwan rijiya ke da sinadarin fulorayid da yawa, kamar yankin Kaltungo, haƙora kan rine, shi ma ba gado ba ne.

Inda za a yi zargin gado shi ne idan an ba da magani yadda ya kamata ƙafa ta ƙi miƙewa, yarinya gajera ce, haƙoranta na yawan ƙurji, kuma uwa ko uba ma haka ƙafarsu take. Nan sai a auna fosfet a jini, irin matsalar ɓeran Hyp da na ambata a amsar da ta gabata.

Idan magani ya yi wa ɓera aiki, ke nan zai yi wa ɗana?

Nan nake roƙon iyaye su riƙe zuciyarsu. Ɓera da ƙafa huɗu yake tafiya, nauyin da ƙashinsa ke ɗauka ba irin namu ba ne. Saƙar ɓawon ƙashinsa ta bambanta da tamu. Macensa ba ta da ɗaukewar al'ada irin ta mata, sai an cire mata ƙwai a kwaikwayi hakan. Kamannin nan da ya sa ya yi daɗin bincike shi ne kuma rauninsa, domin mutane ba tagwaye ba ne.

Akwai wani magani, odanacatib, da ya yi kyau a dabbobi, ya kuma rage karaya a jikin dubban mata, amma aka watsar da shi a 2016 saboda ya ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Romosozumab ɗin ma yana ɗauke da gargaɗi ga masu ciwon zuciya. Tsakanin labarin ɓera da allura a hannun likita akan yi shekara goma ko fiye, yawanci ma ba sa isowa. Duk wanda ya tallata muku garin magani a Facebook ya ce an gwada a ɓera yana warkar da ciwon ƙashi na gado, ku riƙe kuɗinku.

Masu sikila fa, da ciwon kwankwasonsu?

Nasu daga jini ya taso: jinin ke toshe ƙananan hanyoyi, kan ƙashin cinya ya rasa abinci ya mutu. Tun 1997 akwai ɓerayen da aka cire wa ƙwayoyin gado masu haɗa sinadarin jan jini aka sa musu na mutum mai sikila, kuma ana nazarin ƙashinsu. Mai sikilar da ya fara ɗingishi ko jin ciwo a matsematsi, a yi masa hoton kwankwaso da wuri.

Wannan ba zaluntar dabba ba ne?

Ni dai ba na ɗaukar tambayar da wasa. Ɓeran da aka halitta wa ƙashi mai karyewa yana jin zafi, babu amfanin ɓoye wannan. Shi ya sa tun 1959 masu bincike suka ɗora wa kansu ƙa'idoji uku: a nemi wata hanya idan akwai, a rage yawan dabbobin, a sassauta musu wahala. Akwai kwamitin da sai ya amince kafin a fara, ana ba su maganin zafi, a sa musu abinci mai laushi a ƙasan keji don kada su yi miƙa, wanda wahalarsa ta yi yawa a kashe shi ba tare da azaba ba. A Najeriya, duk wani aiki da halittar da aka sauya wa gado yana ƙarƙashin NBMA, hukumar gwamnatin tarayya mai sa ido a kan irin wannan aiki, da aka kafa a 2015. Hukuncin shari'a na malamai ne. Abin da na sani shi ne addini ya umarce mu da neman magani, ya kuma hana azabtar da dabba, kuma mai wannan aiki dole ya riƙe duka biyun.

To kafin sabon magani ya iso, me zan yi wa yaron nan yau?

Abin da ke hannu ba kaɗan ba ne. Akwai maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa, pamidronate da danginsa, wanda likitocin Montreal a Kanada suka nuna amfaninsa ga yara masu OI a 1998; yana ƙara cikar ƙashi, yana rage ciwo. Akwai tiyatar sa ƙarfe a cikin ƙashin cinya ko ƙwauri don ya miƙe. Ku nemi sashen yara da na ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, ku tafi da duk hotunan ƙashin da aka taɓa yi masa, tsofaffi da sababbi.

A gida kuma, kada a ɗaga shi ta hammata, kada a kama ƙafafunsa a ɗaga wajen canza tsumma. Tafi ɗaya a ƙarƙashin kai da kafaɗa, ɗaya a ƙarƙashin mazaunai, yatsu a buɗe. A yi wa kaka da ungozoma bayani cikin ladabi cewa wannan jaririn ba a miƙe masa gaɓoɓi ko cilla shi sama bayan wanka, kuma zanin goyo idan an tamke yana iya tsaga haƙarƙari. Ina girmama masu ɗori, da yawansu gadon gidansu ne, amma ja da murza da ɗaurin kara mai tsanani ba na wannan ƙashin ba ne. Kada kuma tsoro ya sa a kwantar da shi wata da watanni, domin ƙashin da ba ya motsi ƙara zaizayewa yake yi. Da zarar likita ya ce karaya ta kama, a dawo da shi gashi. Mukan fara da ruwa mai ɗumi a babbar roba, uwa ta tallafe kansa, shi kuma ya yi ta wutsil-wutsil da ƙafafunsa.